Harsunan da aka ƙera da hannu

Zaurancen da 'yan mata ke yi a dandali, daga Dabawa har Kurfi, yana da nahawunsa tsaf. A wani salon, bayan kowace gaɓa sai a cusa "d" a maimaita wasalin da ya gabata: "zo mu tafi" ya koma "zodo mudu tadafidi". A wani kuma gaɓoɓin ake juyawa, "gida" ya zama "dagi". Ka kuskure wasali ɗaya, nan take a gane kai baƙo ne a harkar. Ya kamata malaman Hausa na Dutsin-Ma su naɗe shi tun masu yinsa ba su watsar ba. Ousseina Alidou, 'yar Nijar, a kan irin wannan wasan harshe ta yi digirinta na uku a Jami'ar Indiana a 1997.

Nijeriya ma tana da nata ƙirƙirarren harshe, Guosa, wanda Alex Igbineweka ya fara haɗawa a 1965. Dokarsa ita ce abin mamaki: sunan abin da ido ke gani, a ɗauko daga Hausa da harsunan Arewa, abin da ba a gani, a nemo daga Yarbanci da Igbo. Niyya ce mai kyau ta haɗa kan ƙasa, amma har yau bai shiga kasuwa ba.

A Kamaru, Sarkin Bamum Ibrahim Njoya bai tsaya ga ƙirƙiro rubutu ba, sai da ya ƙago wa fadarsa harshen sirri, Shumom.

Esperanto kuwa, wani likitan ido ne, L. L. Zamenhof, ya fitar da shi a Warsaw a 1887, da dokoki 16 kacal. Kowane suna ya ƙare da "o", kowace sifa da "a", jam'i a ƙara "j". Duk ɗalibin da ya sha fama da gida-gidaje, doki-dawaki, zai yi sha'awar wannan sauƙi.

Klingon, wanda Marc Okrand ya tsara don finafinan Star Trek, da gangan aka birkita jimlarsa: karɓau a gaba, aikau a baya. Da a ce haka Hausa take, "Audu ya ci tuwo" sai ya zama "tuwo ya ci Audu".

Toki Pona na Sonja Lang, 2001, kalmominsa na asali kusan 120 ne, haruffansa 14.