Ciwon yatsu a lokacin ɗaukewar al'ada

Mace ta doshi shekara hamsin, al'ada ta fara yi mata tsallake, sai ta ga matse wanki ya zame mata aiki. Gindin babban yatsa na zugi in ta riƙe muciya, gaɓoɓin kusa da farce sun fara ƙullutu, da asuba kuma yatsun a sandare. In ta yi ƙorafi a gida, a ce mata girma ne ya zo, ko sanyi ne. Amosanin gaɓɓai ne, kuma akwai abin da ake yi masa.

Guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa ne yake cinyewa, ƙashin ya yi kauri ya tsiro ta gefe, cikin gaɓar kuma ya riƙa kumbura jefi-jefi. Tun a 1802 aka buga bayanin da likitan Ingila William Heberden ya yi kan waɗannan ƙullutai, kuma har yau da sunansa ake kiransu. Ciwon ya fi kama mata, yana bin gado, kuma ya fi ɓullowa daidai shekarun ɗaukewar al'ada.

Wannan ya sa ake zargin raguwar sinadarin istirojin. Zargin yana da tushe: matan da ake ba wa magungunan rage wannan sinadari saboda kansar nono kan yi fama da ciwon gaɓɓai. To in an mayar wa mace sinadarin, yatsun za su lafa? A 2022 masu bincike a Oxford suka wallafa gwajin da suka yi da mata 28, amma manufarsa ita ce a ga ko babban gwaji zai yiwu. Bai tabbatar da waraka ba. Wadda zafin jiki da gumin dare suka addaba tana iya tattauna maganin da likitanta, amma saboda yatsu kaɗai babu hujjar shansa tukuna.

Abin da ya fi amfani shi ne wanda aka fi rainawa. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, EULAR, a shawarwarinta na 2018 ta sa ilimantar da mai ciwo da motsa yatsu a gaba: dunƙule hannu a buɗe, taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, kullum kuma a hankali. Tsoma hannu cikin ruwan ɗumi kafin a fara yana sassauta gaɓoɓin. Ga gindin babban yatsa akwai ɗan tallafi da ake ɗaurawa, wanda masu gashin ƙashi a asibiti ke aunawa, sai dai amfaninsa na bayyana ne bayan watanni ana sawa. A naɗa wa wuƙa da ludayi tsumma don mariƙinsu ya yi kauri, a ɗauki tukunya da hannu biyu. Daka da matse zannuwa kuwa, in akwai yara a gida, ai lokacinsu ne ya yi.

A ɓangaren magani, na shafawa ne farko, irin man diklofenak, domin gaɓoɓin yatsa suna dab da fata, kuma kaɗan ne ke shiga jini. Ƙwayoyi irin su ibuprofen na ɗan lokaci ne. A nan nake da damuwa da iyayenmu mata: sai a aiki yaro kemis ya karɓo haɗi, a sha safe da yamma wata da watanni. Gyambon ciki, hawan jini da lalacewar ƙoda duk ta wannan hanya suke biyowa, ga shi shekarun hawan jinin ne dama.

Firednisolon ya fi yaudara, don yana aiki. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2019, ya nuna miligiram 10 a kullum na mako 6 yana rage ciwo ga masu kumburi, amma da aka janye shi ciwon ya dawo. Daɗewa a kansa na tayar da suga, yana kuma cinye ƙashin da ɗaukewar al'ada ta riga ta raunana. Haidiroksikulorokwin an gwada shi a Ingila, sakamakon 2018 ya nuna bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Metotirekset ya ɗan rage ciwo a wani gwajin Ostireliya na 2023, amma sai da likita da gwajin jini a kai a kai. In komai ya gaza ga babban yatsa, ana yin tiyata a cire ɗan ƙashin da ke gindinsa.

Kafin duk wannan, a tabbatar da irin ciwon. Sandarewar amosani da safe ba ta cika wuce rabin awa ba. In ta kai awa ko fiye, wuyan hannu da gaɓoɓin gindin yatsu suka kumbura dama da hagu, ga kasala, to ana iya zaton ciwon da garkuwar jiki ke cin gaɓɓai ne. Shi maganinsa daban ne, kuma jinkirin 'yan watanni na iya lanƙwasa yatsun har abada, don haka wannan na asibiti ne tun makonnin farko.