A Koya wa Mai Nauyin Karatu Ya Faɗi Bukatarsa da Bakinsa

Tun farkon shekarun 1950, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, akwai wani irin ɗalibi da ba a rasa shi a ajin manya. Mutum ne mai hankali, mai sana'a, wanda ba a cutarsa ko anini a ciniki, amma haruffa sun ƙi zauna masa. Yau ya gane b, gobe ya kira shi d. Bokonmu kuwa ya ƙara masa wahala, gama b da ɓ da d da ɗ kamar 'yan ɗaki ɗaya su ke. Masana suna kiran wannan disleksiya, ba ta kuwa da dangantaka da wauta ko lalaci.

Abin da ya fi cutar irin wannan mutum shi ne kunya. Dattijo mai jikoki ba ya so a ce ya kasa abin da yaro ya iya, sai ya yi shiru, in an miƙo takarda ya dangwala hannu. Ta haka gona kan salwanta, ko a ɗora wa mutum bashin da bai ci ba.

Saboda haka ya kamata malaman ajin manya na ƙasar Sandamu su koya masa magana tare da baƙaƙe. Hanyar ba ta da wuya. Ɗalibi ɗaya ya zauna a matsayin magatakarda, shi kuma ya zo gabansa da ƙara ko takardar sayen gona. Sai ya ce, "Malam, karatu yana yi mini nauyi, a karanta mini tukuna, sannu sannu." In bai fahimta ba ya ce a maimaita. In zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ce sai ya zo da ɗan'uwansa ya duba. A yi ta yi, har bakinsa ya saba. Azuzuwan mata ma haka, musamman don ranar zuwa asibiti.

Amma wahalar malami banza ce in mutumin ya iso ƙofar hakimi aka daka masa tsawa, ko wani ya karɓe masa magana. A nan ne mu ke roƙon hakimai, Allah ya ja zamaninsu, su bar shi ya kai aya da kansa, su kuma gargaɗi dagatai da masu unguwa. A tuna cewa a Janairu 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, ta kuwa haɗa da naƙasar fahimta.

Ga magatakarda kuwa, tun zamanin Turawa aka yi dokar kare marasa karatu. Wanda ya rubuta wa wani takarda, lalle ya karanta masa ita, ya fassara, sa'an nan ya sa sunansa da adireshinsa a ƙasa. Yana da kyau a ƙara da sunan mashaidin da mutumin ya zo da shi.