Karta 52 Da Lissafin Yiwuwa

A wannan makon mun kawo muku lissafin yiwuwar abu, wanda ake kira furobabiliti a aji. Littattafan lissafi suna son ba da misali da karta mai kati 52, alhali da yawanmu Whot muka sani. Shi ya sa tambayar take ɗaure mana kai tun kafin mu ɗauki biro. Malamai a yi mana afuwa, ba caca muka zo koyarwa ba, ƙirge kawai za mu yi.

Mu fara sanin kartar. Kati 26 ja ne, 26 baƙi. An kasa su gida huɗu, biyu ja biyu baƙi, kowane gida yana da kati 13: akwai A, sai 2 har zuwa 10, sannan masu hoto guda uku, wato J da Q da K. K shi ne sarki, ke nan sarakuna huɗu ne a cikin kartar duka.

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Ka ƙirga katin da kake so, ka rubuta a sama. Ka ƙirga dukkan katin da ke nan, ka rubuta a ƙasa. Idan an gauraya karta sosai aka ce mu zaro ɗaya ido rufe, yiwuwar mu sami sarki ita ce 4/52, in an rage ta zama 1/13. Yiwuwar kati ja 26/52 ce, wato rabi. Mai hoto kuwa 12/52, wato 3/13. Duk wanda amsarsa ta wuce 1, ya koma ya duba aikinsa, don na sama ba ya fin na ƙasa yawa.

Inda ake zubar da maki shi ne idan an ce a zaro kati biyu. A nan sai an karanta tambaya a hankali: katin farko an mayar da shi, ko an ajiye shi gefe? Mu ce mun zaro sarki muka ajiye. Yanzu sarakuna uku suka rage, kuma kartar ta koma 51, ba 52 ba. Yiwuwar sarki na biyu ta zama 3/51, wato 1/17. Don samun yiwuwar sarakuna biyu a jere sai mu ce 1/13 sau 1/17, amsa 1/221. Amma idan an mayar da katin aka sake gaurayawa, komai ya dawo yadda yake: 1/13 sau 1/13, amsa 1/169. Kalma ɗaya a cikin tambaya ta canza amsar.

Wannan ya nuna mana wani abu kuma. Muddin ana mayar da kati ana gaurayawa, ko ja ya fito sau biyar a jere, yiwuwar ja a karo na shida rabi ce dai. Masu cewa "yanzu kam lokacin baƙi ya yi" suna yaudarar kansu ne, don karta ba ta tuna abin da ya fito ɗazu.

Whot ta fi ba mu sha'awa, saboda gidajenta ba daidai suke ba. Kati 54 ne: da'ira 12, mai kusurwa uku 12, kuros 9, murabba'i 9, tauraro 7, sai Whot mai lamba 20 guda 5. Yiwuwar zaro da'ira 12/54 ce, ta tauraro kuwa 7/54 kacal. Ashe da dalili mai riƙe da katin 20 yake yawan kiran tauraro idan yana so ya takura abokin wasansa.

Tambayar mako: a cikin cikakkiyar Whot, mece ce yiwuwar zaro kati mai lamba 4? A lura, ba kowane gida ne yake da 4 ba. A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan kulob ɗin 'yan jarida kafin ranar Juma'a.