Ko Ka Sani? Fitilar Akwatin Kifi Ba Don Kifi Kaɗai Ake Kunna Ta Ba

Ko ka san cewa hasken da doguwar fitila, wato fulorasan, take fara samarwa ido ba ya ganinsa? A cikin bututun akwai iskar argon da ɗan tururin zaiba. Idan wuta ta ratsa su sai su fitar da wani ɓoyayyen haske, farar hodar da aka shafa a cikin gilashin kuma ita ke mayar da shi wanda muke gani. Kamfanin General Electric na Amurka ne ya shigar da fitilar kasuwa a 1938. Lambar da ke jikinta kauri take nufi: T12 inci ɗaya da rabi, T8 inci ɗaya, T5 kuwa ba ta kai inci ba, milimita 16 ce kacal.

Wanda ya ajiye akwatin gilashi na kifin ado a cikin birnin Zariya, a irin ɗakunan nan na ƙasa masu kaurin bango da ƙaramar taga, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ba makawa sai ya nemi fitila. Kuskuren da ake yi shi ne a shiga kasuwar Sabon Gari a ce a kawo wadda ta fi haske. Kifi bai damu da wannan ba. Buƙatarsa ya bambance dare da rana, tarwaɗa ma duhu ta fi so. Tsiron da ke cikin ruwan shi ke cin haske. Don haka akwatin da ba shi da tsiro T8 guda ta ishe shi, abin da ya ƙaru kuma gansakuka ce za ta cinye, ka wayi gari gilashi ya yi kore shar, kifin ma sai ka matso kake ganinsa. In akwai tsiro, ruwan kuma da zurfi, a nan T5 ke da amfani. Mai tsawon ƙafa huɗu ta irin mai ƙarfi wat 54 take ja, T8 mai tsawonta wat 36. Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye: T8 ta fi ba da haske a ɗumin digiri 25, T5 kuwa sai a 35, wanda ya fi kusa da zafin ɗakunanmu a watan Afrilu. Sannan T5 ba ta aiki da tsohon cok da sitata, waɗanda ke sa fitila ƙyafta ido duk lokacin da aka kawo wuta ba ƙarfi. A duba jikinta a zaɓi mai lamba 6500K, hasken rana tsaka ke nan. Shuɗiyar nan mai ɗaukar ido ta masu kiwon murjani ce a ruwan gishiri, ba ta ruwanmu ba.

Wani zai ce, ga rana kyauta a tsakar gida, me ya kai mutum sayen fitila? Rana ba ta da makunni. Takan ɗumama ɗan ruwan akwati da sauri, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu a ciki, gansakuka ta samu yadda take so. Fitila kuwa awa 8 zuwa 10 ka kashe abarka. Wani kuma zai ce ai zamanin LED ne. Wannan yana da gaskiya, domin ta fi tsimin wuta, tana kuma tafiya da batirin sola, ga shi a 2023 ƙasashen yarjejeniyar Minamata sun amince a daina ƙera fulorasan da cinikinta tsakanin ƙasashe nan da 2027 saboda gubar zaiba. Amma ƙa'idar zaɓe ba ta sauya ba, ko da LED ɗin ce a auna ta da abin da ke cikin ruwan.

Mai amfani da fulorasan har yanzu ya sani haskenta na raguwa tun kafin ta mutu, masu tsiro sukan sauya ta duk shekara. Idan bakinta ya yi baƙi ka cire, don Allah kada ka jefa ta bola inda yara za su fasa.