Zanen Japan a Wayoyin Ƴaƴanmu: Gaskiya ko Jita-jita?

Daga Madawa a bi ta Buza har Keita, da wuya ka ratsa babbar kasuwa ba ka ga rumfar mai tura fina-finai ba. Da can kayan da ake nema sanannu ne: fim ɗin Kano, Indiya-Hausa irin na Algaita, waƙoƙi da wa'azi. Yanzu an samu ƙari. Ɗan lekol zai miƙa katin memori da ƴan dalolinsa ya ce a zuba masa Naruto ko Dragon Ball ko One Piece, "amma VF", wato mai muryar Faransanci. In ɗaya ya samu, unguwa ta samu, don Xender ba ya cin kuɗin intanet. Masu dawowa daga cin rani a Abijan ko Legas su ma sukan zo da wayoyi cike. Da dare a fada, shayi na bisa wuta, za ka ji gardama ta kaure a kan wa zai ka da wani tsakanin Goku na Dragon Ball da Naruto, da zafi irin na gardamar ƴan kokawa lokacin gasar takobi.

Manya na gefe suna saurare, kuma su ma suna da abin faɗa a kan wannan zane da ake kira anime. Wasu maganganunsu na da tushe, wasu iska ce ta kwaso su.

Mu fara da mai sauƙi, wai fim ɗin ƴan China ne. Ba haka ba ne. Sana'ar Japan ce, kuma yadda ake yin ta a yau, kashi-kashi duk mako a talabijin, ya kankama ne a 1963 da Astro Boy na Osamu Tezuka. Akira Toriyama ya fara Dragon Ball a 1984, Eiichiro Oda ya fara One Piece a 1997, Masashi Kishimoto ya fara Naruto a 1999, dukkansu a matsayin labarin zane a mujallar mako-mako ta Shonen Jump da ake bugawa a Tokiyo, kafin a mai da su masu motsi. Mai kuskuren yana da ɗan uzuri: tun zamanin Bruce Lee duk abin da ya fito daga wancan gefen na duniya na China muke ce masa, kuma shi kansa Goku an ciro shi ne daga wani tsohon labarin China na sarkin birai. Amma jihar Tawa ba ta da hujjar jahiltar Japan. A nan ne hukumarsu ta JICA ta fara shirin École pour tous a 2004, wanda ya ƙarfafa kwamitocin COGES na makarantu kafin a yaɗa shi sauran jihohi.

Maganar da ta fi kowace yawo, kuma ta fi kowace ɓarna, ita ce: "Wanga ai na yara na." Uba yana faɗin ta don ya kunyata saurayin da ya kama yana kallo. Uwa tana faɗin ta don ta kwantar da hankalinta, ta miƙa wa ɗan shekara bakwai waya ta koma ga tukunya. Su biyun sun yi kuskure, sai dai kuskuren uban raha ce, na uwar kuwa yana da tsada.

A Japan zane hanya ce ta ba da labari, kamar yadda kyamara take, ba alamar shekaru ba ce. Masu buga mujallu sun raba kayansu tun asali: na ƙananan yara daban, na samari, na ƴan mata, na magidanta, na manyan mata. Da yawa daga cikin shirye-shiryen ana sa su a talabijin ne da tsakar dare, lokacin da yara suka yi barci. Fim ɗin Isao Takahata na 1988, wanda masu Faransanci suka sani da Le Tombeau des lucioles, labarin wa da ƙanwa ne marayu da yunwa ta kashe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma duk dattijon da ya ga farin 1984 a Adar zai gane abin da ke cikinsa fiye da jikansa. Na Hayao Miyazaki, Le Voyage de Chihiro, ya ci kyautar Oscar a 2003. Saurayin da ke kallon irin waɗannan bai koma yaro ba.

Ga ɗaya fuskar. A L'Attaque des Titans ana nuna ƙattai suna tauna mutane da ransu. Death Note labarin ɗalibi ne da ke kashe duk wanda ya rubuta sunansa a wani littafi, yana ganin gyara duniya yake yi. A 2015 China ta sa su biyun cikin jerin waɗanda ta hana nunawa a intanet. Bayan waɗannan akwai wani sashe guda na sana'ar wanda batsa ce tsagwaronta, an yi ta don manya, amma da irin zanen da manyan idanun nan da uwa ta saba gani a na yara. Mai rumfa ba ya tacewa. Abin da ke kwamfutarsa shi yake zubawa, sau da yawa shi ma bai kalla ba.

Faransa ta riga mu faɗawa wannan rami. Zanen Japan na Goldorak ya shiga talabijin ɗinsu a 1978, sannan shirin Club Dorothée na tashar TF1, daga 1987 zuwa 1997, ya yi ta sayo kayan Japan da araha yana nuna wa yara, har da Ken le survivant, inda naushi ɗaya ke fasa kan mutum. Iyaye suka yi ca, ƴar siyasa Ségolène Royal ta rubuta littafi a 1989 tana sukar abin, aka yi shekaru ana zagin Japan. Alhali babban laifin na wanda ya ɗauki kayan matasa ne ya ajiye shi a lokacin ƙananan yara, don kawai ya ga zane ne. Abin da tasha guda ta yi wa Faransa, shi katin memori ke yi a gidajenmu ɗaya bayan ɗaya. Uban da ba ya jin Faransanci ma yana iya maganin wannan: ya tambayi sunan shirin, ya zauna ya kalli kashi biyu tare da yaron. Jini da tsiraici ba sa bukatar tafinta.

Sai batun iskoki. Ana ba da labarin cewa akwai wani zane da ya taɓa ka da ɗaruruwan yara lokaci guda, wai aljannun ciki ne suka buge su. Rabin farko gaskiya ne. Ranar 16 ga Disamba 1997 tashar TV Tokyo ta nuna wani kashi na Pokémon, aka kwashi mutum 685 zuwa asibitoci, mafi yawansu yara, wasu da jiri da amai, wasu da faɗuwa da sanƙarewa. Dalilin sananne ne. A wani wuri na kashin, hasken ja da shuɗi sun yi ta walƙiya suna musanya da sauri sosai na ƴan daƙiƙoƙi, kuma akwai nau'in farfaɗiya da irin wannan walƙiya ke tayarwa ga wanda ƙwaƙwalwarsa ke da saurin kamuwa, ko da bai taɓa faɗuwa ba. An dakatar da shirin wata huɗu, tashoshin Japan suka kafa ƙa'ida a kan yawan walƙiya, kuma daga nan ne aka fara rubuta gargaɗin nan a farkon shiri, a kalla a ɗaki mai haske, a ja baya daga allo.

Wannan gargaɗi ya fi shafarmu fiye da su. Yaron ƙauyen Tamaske ko Karofane da ya kai waya caji wurin mai sola, da dare yake kallo, cikin duhu, allo dab da hanci. In yaro ya faɗi yana kallo, ko idanunsa suka kafe, ko ya yi fizge-fizge, a ɗauke wayar, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa komai a baki, sannan a kai shi likita. Farfaɗiya ciwo ce mai magani, ba ta yaɗuwa ta miyau, kuma yaran da ake ɓoyewa a ɗaki da sunan iska sun fi waɗanda Pokémon ya kayar yawa nesa ba kusa ba.

Wata jita-jitar daga ƙasashen Larabawa ta taso ta iso mu, wai sunan Pokémon na nufin "ni Bayahude ne". Ƙarya ce. An gajarta kalmomin Turanci biyu ne masu nufin dodannin aljihu, kuma wanda ya ƙirƙiro wasan a 1996, Satoshi Tajiri, daga tara ƙwari da ya yi yana yaro ya samo dabarar. Abin da ya tabbata shi ne malaman Saudiyya sun ba da fatawar haramta wasan da katunansa a 2001, bisa hujjar kama da caca, da koyar da rikiɗar halitta, da wasu alamomi da ke jikin katunan. Amma wanda zai kafa hujja da Saudiyya sai ya kawo labarin har ƙarshe. A 2021 kamfanin Manga Productions na Saudiyya ya haɗa hannu da Toei na Japan, masu Dragon Ball, suka fitar da fim a kan harin Abraha da rundunar giwaye a Makka. A 2024 aka ba da sanarwar gina filin wasanni na Dragon Ball a Ƙiddiya, kusa da Riyad.

Wannan bai wanke anime daga komai ba. Mai cewa akwai aƙidun da ba namu ba a ciki, gaskiya ya faɗa. Japan ƙasar Shinto da Buda ce, kuma abin yana fitowa: alloli barkatai a Chihiro, allolin mutuwa a Death Note, matattu da ake dawo da su da ƙwallayen dodo a Dragon Ball, dabba mai wutsiya tara da aka ɗaure a cikin Naruto. Marubutan ba wa'azi suke yi ba, tatsuniyoyin kakanninsu suke ɗiba, amma yaro ƙarami ba lallai ya bambance ba. Mun shekara fiye da hamsin muna kallon ƴan Indiya na rawa gaban gumaka, abin da ya tsare mu shi ne an gaya mana tun muna yara cewa wancan nasu ne. Hukuncin zanen mai rai kuwa na malamai ne, sun kuma yi saɓani a kai tun kafin a haifi Naruto. Cewa gwamnatin Japan na amfani da abin don a so ƙasarta, wannan ma ba ɓoyayye ba ne: a 2008 ma'aikatar harkokin wajenta ta naɗa Doraemon, wata kyanwar zane, jakadan anime, kuma motocin ruwan da ta bayar a Samawa ta Iraƙi hoton ɗan ƙwallon nan Tsubasa aka manna musu, wanda masu Faransanci suka sani a Olive et Tom.

Malaman lekol na cewa yana kashe karatu. A nan ina tare da su, amma ba don abin da ke cikin labarin ba. Lissafi ne. Naruto duka kashi 720 ne. One Piece ya haura kashi 1000 tun 2021, kowane kusan minti 24, wato awa 400 ke nan kafin a ƙirga na baya-bayan nan. An kuma gina su ne da gangan don kada a iya tsayawa: mujallar da ke buga su tana tambayar masu karatu ra'ayi duk mako, labarin da ya faɗi ƙasa a yanke shi, don haka kowane kashi dole ya ƙare a inda rai zai biya. Ɗan Japan na jiran mako guda kafin ya ga na gaba. Ɗan Buza yana da ɗari biyu a aljihu, ga BEPC na tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, mai biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Samarin da ke kare kansu da cewa suna koyon Faransanci ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba, musamman masu kallon wanda ake rubuta fassarar a ƙasa, don dole ido ya yi saurin karatu. Sai dai Faransancin faɗa da kirari ba shi ake tambaya ranar jarrabawa ba.

Su ma masu kallon suna da tasu jita-jitar, wadda suke faɗa da tausayin kai: wai irin wannan aiki sai Japan, baƙar fata bai taɓa yi ba. Ɗan jihar Tawa ne ya fi kowa rashin dacewa da wannan magana. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, makanike ne da ya koyi fim tare da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada wurin mai fim ɗin zane Norman McLaren, ya fitar da La Mort de Gandji a 1965 da Bon voyage Sim a 1966, inda ya yi wa tafiye-tafiyen shugabannin Afirka shaguɓe da jamhuriyar kwaɗi. Shekara uku kacal ke tsakanin wannan da fitowar Astro Boy a talabijin, kuma shi ma ba don yara ya zana ba. Daga baya ya yi Kokoa, kokawar gargajiya da dabbobi a fage. A garin Tawa ya zauna shekarunsa na ƙarshe, yana riƙe da otal yana aikin zanensa a ciki.

Bambancinsa da Tezuka a kasuwa yake. Tezuka na da mujallu masu buga labarinsa, da tashar da ke jiran sabon kashi duk mako, da kamfanin cakulan na Meiji mai ɗaukar nauyi, da Amurkawa da suka sayi shirin a shekararsa ta farko. Alassane bai samu ko ɗaya daga ciki ba, shi ya sa zanensa ya tsaya a gajerun fina-finai na ƴan mintoci. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris 2015, kuma a 2017 gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nunin ayyukansa.