Kasuwar Surorin Waziran Ingila

A yammacin birnin Landan akwai wani dogon titi mai suna Portobello, wanda dillalan tsofaffin kaya ke cika shi kowace Asabar tun da sassafe, kuma a rumfunansu, tsakanin agoguna da tasoshin azurfa, mai yawo kan iske fararen surori, kai da kafaɗu kawai, na waziran da suka juya al'amuran ƙasar a zamanin da, irin su Pitt da Fox da Gladstone. Malamanmu sun yi bahasi mai tsawo a kan hukuncin sura mai inuwa. Abin nufi a nan shi ne cinikin da tarihinsa.

Da filasta aka zuba su, wato garin farin dutse da ake kwaɓawa da ruwa a ɗura a mazubi har ya daskare. Sa'ad da William Pitt ya rasu a 1806, gwanin sassaƙa Joseph Nollekens ya ɗauki siffar fuskar mamacin, ya sassaƙa ta a marmara domin attajirai, sannan ya zuba ɗaruruwa da filasta domin masu matsakaicin hali, waɗanda ke son maƙwabta su san ɓangaren da suke bi a siyasa. Daga baya 'yan Italiya daga yankin Lucca suka riƙa tallar ƙanana a kan faranti bisa ka, titi-titi, har ɗayansu, Domenico Brucciani, ya kafa shago a Covent Garden, ya shahara.

Dillali masani ba ya gaggawar faɗin kuɗi. Sai ya juya surar ya nemi sunan mai zubi a bayanta, ya duba layin da mazubi ya bari, ya shafa hanci da kunne, domin nan ne karaya ke fara aukuwa, kuma nan ne mai algus ke ɓoye gyara da fenti. Zubin farko yana da kaifin siffa. Wanda aka kwafa daga kwafi kuwa, gashi da idanu sun dushe.

A ganina, waɗannan na filasta sun fi na marmara daraja wajen mai neman ilmi, saboda marmara shaidar dukiyar mutum ɗaya ce, alhali filasta, duk da rauninta, ta nuna wanda jama'a suka yarda su ajiye a ɗakunansu.