Gasar Rubutu

A shekarar 1933 littattafan hira na Hausa sun yi ƙaranci a makarantun Arewa. Saboda haka wani Bature, R. M. East, na Hukumar Fassara ta Zariya, ya sa gasa tsakanin malamai. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa.

To, yaron da aka ce ya rubuta labarin unguwarsu, shi ma ƙaramar gasa ya shiga. In ɗan Ƙofar Mata ta Kano ne, sai ya faɗi yadda marina suke tsoma tufafi cikin baba a karofi. Kada ya kwafi na wani. Abin da idonsa ya gani shi zai rubuta, gama gani ya kori ji.